Kasuwar Duniya da Rumbun Manomi

Kowace shekara tambaya biyu su kan tashi a gidajenmu na ƙasar Zakirai. Da bazara mai gida ya kan ce, gona nawa zan ba hatsi, nawa kuma zan ba gyaɗa ko riɗi? Da kaka kuma ya kan ce, dami nawa za a zuba a rumbu, nawa za a kai kasuwa? Mutum yana tsammani shawarar nan tsakaninsa da iyalinsa ce kaɗai. Ashe akwai waɗansu mutane a nesa, waɗanda bai taɓa ganinsu ba, su ma ba su san sunan garinsa ba, amma hannunsu yana cikinta. Darasinmu na wannan wata a kan waɗannan hannuwa ya ke. Za mu duba yadda duniya ta zama kamar kasuwa ɗaya, da dalilin da ya sa kasuwar nan ba ta taɓa mai arziki da matalauci daidai, da abin da ya kamata manomi ya yi.

1. Safiya ɗaya a gidan manomi

Bari mu shiga gidan wani manomi da sassafe. Ya tashi ya haska tocila, a ƙasar Sin aka ƙera ta. Ya duba wayarsa, ita ma daga can ta fito. Ya aiki yaro wurin mai shayi ya sayo burodi, yawancin alkamar da a ke yin fulawa da ita a Nijeriya kuwa jirgin ruwa ne ke kawo ta daga ƙetare. Matarsa ta ɗaura atamfa wadda aka sayo a Kantin Kwari, mai yiwuwa ne a Sin aka buga ta. 'Ya'yansa suna sanye da gwanjo wanda yaran Turai suka fara sa wa. Ya hau babur ɗinsa Boxer na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, ya nufi kasuwar Gezawa da buhun riɗi. Riɗin nan zai bi ta kasuwar Dawanau, ya sauka Ikko, ya shiga jirgin ruwa, wataƙila a Japan ko Turkiyya za a ci shi.

Kun gani, tun rana ba ta yi zafi ba mutumin nan ya yi ciniki da ƙasashe biyar ko shida, ko Kano bai shiga ba. Abin da masana ke kira dunƙulewar duniya ke nan. Ma'anarsa ita ce kaya da kuɗi da labari da mutane suna ƙetare iyakokin ƙasashe da sauri da yawa, har abin da ya faru a wata ƙasa mai nisa ya kan taɓa tukunyar mutum a nan.

2. Ba yau aka fara ba

Kada wani ya ce sabon abu ne. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 12, ya nuna mana mutanen Taya da Sidon suna neman sulhu da sarki Hirudus domin daga ƙasarsa abincinsu ke fitowa. Tun zamanin nan wanda cikinsa ke hannun wani ba shi da ƙarfin yin gardama da shi.

A ƙasarmu ma haka. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro. Ayarin raƙuma sun yi ta ƙetare Sahara da fatu da turkuɗi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano tana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ko gyaɗar da mu ke cewa tamu ce, asalinta daga Amurka ta Kudu ta ke, jiragen Fotugal suka kawo ta Afirka. Masara da rogo da barkono da tumatir ma daga nahiyoyin Amurka su ke. Saboda haka cuɗanya da duniya ba mugun abu ba ne a kan kansa. Abin dubawa shi ne, wa ke yanka kuɗi, wa kuma ke ɗaukar hasara idan kasuwa ta juya?

3. Labarin gyaɗa

Babu abin da zai koya mana wannan kamar gyaɗa, gama ƙasarmu tana tsakiyar inda aka fi nomanta.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Turawan Ingila auduga su ke so, domin masaƙun Manchesta. Amma a lokacin nan masana'antun Turai sun riga sun gane hanyar daskarar da man tsiro, su yi sabulu da wani irin man shafa wa burodi mai araha wanda su ke kira majarin, abincin ma'aikata waɗanda ba su iya sayen man shanu. Sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Manoman Kano suka yi lissafi, suka zaɓi gyaɗa. Suna da dalili. Gyaɗa tana zama gona ɗaya da gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma kasuwa ta ƙi ta, a ci ta a gida. Auduga kuwa ba a cinta. Ga shi kuma haraji da kuɗi a ke biya. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta wuce tan 19,000, alhali kafin jirgi kaɗan ce ƙwarai.

Attajiran Kano suka shiga. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fari falke ne na goro. A 1918 ya fara sayen gyaɗa domin kamfanin Niger Company, ya zama babban mai saye har rasuwarsa a 1955. Kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Niger Company a 1920, daga ciki kuma UAC ta fito a 1929. A 1930 layin dogo na Nguru, wanda ya bi ta Ringim, ya kammala, gyaɗar wannan sashe namu ta sami hanya. Buhuna suka yi ta taruwa a Kano fiye da abin da jirgi ke iya kwashewa, aka jera su kamar duwatsu. Dalar gyaɗa ke nan da mu ke gani a hoto. Kakana ya kan ba mu labarin yadda su ke ɗora buhu a kan jaki tun da asuba zuwa wurin sikeli, su komo da gishiri da kananzir da akoko, da kuɗin haraji a ƙulle a bakin riga.

Arziki ya shigo, wannan gaskiya ne. Amma ku lura da abu uku da suka faru.

Na fari, damunar 1913 ta yi ƙarancin ruwa, a 1914 aka yi babbar yunwa a ƙasar Kano wadda tsofaffi su ke kira Ƙaƙalaba. Mutane suka koya da hawaye cewa kuɗi a hannu ba ya zama tuwo idan babu hatsi a kasuwa.

Na biyu, a 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe, ciniki ya mutu ko'ina a duniya. Cikin shekarun da suka biyo kuɗin gyaɗa a Kano ya faɗi warwas. Manomin Zakirai bai yi laifin kome ba. Ya yi noma kamar kullum, ruwa ya sauka, gyaɗa ta yi 'ya'ya, amma haraji bai sauka daidai da kuɗinta ba.

Na uku, a 1949 gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ita ke yanka kuɗi kowace shekara. An ce domin a tsare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya ne. Amma shekaru da yawa abin da a ke biyansa bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa gwamnati ta yi ayyukanta da ita. Gumin manomin gyaɗa yana cikin hanyoyi da makarantu da yawa na Arewa.

4. Ina dala ta tafi?

Cikin shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Kafin 1980 dala ta ɓace. Dalilan ba ɗaya ba ne, waɗansu daga sama, waɗansu daga gida, waɗansu daga ƙetare.

Daga sama, an yi babban fari daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturun gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta cinye gonaki. Daga gida, kuɗin man fetur ya hau a duniya a 1973, gwamnati ta sami abin dogara wanda ya fi gyaɗa, samari suka bar gona suka nufi birni. Daga ƙetare, Turai ta sami waken soya na Amurka da Birazil da waɗansu mayuka masu araha. Akwai kuma wani abu. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da ta fito daga Birazil. Da aka bincika, aka gane wani dafi ne wanda fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba. Daga nan masu saye suka ƙara tsananta sharuɗɗa a kan gyaɗar kowa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki, manomi ya tsaya shi kaɗai gaban kasuwa.

Har yanzu muna noman gyaɗa, amma yawancinta a gida a ke cinta. Ma'aikacin Ingila da ya ci majarin na gyaɗarmu bai ma san ranar da aka sake mai ba. Burodinsa bai canja ɗanɗano ba. A nan kuwa zaman ƙasa duka ya juya.

5. Tufa: ƙafar keke tana juyawa

Kada mu ce mutanen ƙasashe masu arziki ba su taɓa shan wannan wahala ba. Akoko da atamfar Manchesta su suka rage wa masaƙa da marinan ƙasar Kano ciniki a zamanin Turawa. Amma daga baya tufa mai araha ta fito daga Indiya da Hong Kong da Japan, masaƙun Manchesta da kewayenta suka yi ta rufewa cikin shekarun 1960 da 1970, dubban ma'aikata suka rasa aiki.

Mu ma muka kafa namu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo a Kaduna da Kano, mutanen ƙauyukanmu da yawa suka ci abinci a cikinsu. Sai ga rashin wutar lantarki, ga fasa-ƙwauri, ga tufar Sin mai araha. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. A 2007 babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe ƙofa. Yau matanmu suna samun zane da araha fiye da dā, wannan alheri ne ga mai saye. Amma mai yiwuwa mijin mai zanen ne ya rasa aikin masaƙa, ƙanensa kuma ya rasa mai sayen audugarsa.

To, ƙafar keke ɗaya ce ta taka ma'aikacin Manchesta da na Kaduna. Bambancin yana wurin faɗuwa. Na Manchesta ya faɗi a kan katifa: gwamnatinsa tana ba marar aiki kuɗin mako, asibiti kyauta ne tun 1948, 'ya'yansa suna makaranta. Na Kaduna ya faɗi a kan tsakuwa. Ya tattara iyalinsa ya komo ƙauye, gonar gado wadda ba ta ishi mutum ɗaya ba ta zama ta mutum biyu.

6. Yaƙi a nesa, tsada a gida

A watan Fabrairu 2022 Rasha ta auka wa Yukren da yaƙi. Mutane da yawa a nan suka ji a rediyo suka ce, ina ruwanmu? Kafin damuna suka ga ruwansu. Ƙasashen nan biyu suna cikin manyan masu sayar da alkama, Rasha kuma ita ce kan gaba wajen fitar da takin zamani. Yuriya da iskar gas a ke yinta, gas kuwa ya yi tsada. Kamfa tana bukatar sinadarai waɗanda ba mu haƙa a nan, ɗaya daga Maroko, ɗaya daga Rasha da waɗansu ƙasashe. Saboda haka burodi ya ƙanƙance, buhun taki ya hau.

Wani zai ce, ai muna yin yuriya a Nijeriya. Gaskiya ne. A watan Maris 2022 aka buɗe babbar masana'antar taki ta Ɗangote a Lekki, akwai kuma ta Indorama kusa da Fatakwal. Amma kayan da manomin Birazil zai saya da dala, ba za a sayar wa manomin Zakirai da rabin kuɗi ba. Idan kasuwa ta zama ɗaya, kuɗi ma ɗaya ya ke neman zama, ko da aljihun masu saye ba ɗaya ba ne.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya kusa ninka uku. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala ɗaya wadda ta ke wajen naira 460 a hannun gwamnati ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ke zuwa daga ƙetare, ko magani ko taki ko kayan gyaran babur, sai ya bi dala ya hau.

7. Me ya sa nauyin ba ɗaya ba ne?

Tsadar 2022 ta taɓa Turai da Amurka su ma. Amma akwai bambanci huɗu.

Na ɗaya, rabon abinci. Lissafin hukumar ƙididdiga ta Nijeriya na 2019 ya nuna wajen kashi 56 cikin 100 na abin da gidaje ke kashewa a kan abinci ya ke tafiya. A Amurka wajen kashi 11 ne na abin da ke shiga hannun mutum. Bari mu yi lissafi. A ce mutum biyu, kowane yana da 100. Abinci ya ƙara rabin kuɗinsa. Na Amurka zai biya 16 da rabi maimakon 11, saura 83 da rabi a hannunsa. Namu zai biya 84 maimakon 56, saura 16 kaɗai maimakon 44. A cikin 16 ɗin nan ne za a nemi magani da kuɗin makaranta da sabulu da taki. Wancan zai fasa tafiya hutu. Wannan zai fid da 'yarsa daga makaranta, ko ya rage tuwon dare.

Na biyu, abin faɗawa. A lokacin sanyi na 2022 zuwa 2023 gwamnatin Ingila ta rage wa kowane gida fam 400 daga kuɗin wuta. Tarayyar Turai tana da shirin tallafa wa manomanta tun 1962, har yanzu wajen kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗinta can ya ke tafiya. Amurka ma tana tallafa wa nata. A 2003 ƙasashen Binin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kuka gaban taron ciniki na duniya, suka ce tallafin da a ke ba manoman auduga na ƙasashe masu arziki yana karya kuɗin audugar talakawansu. Manominmu yana kokawa da wanda gwamnatinsa ke riƙe masa ƙugu.

Na uku, inda riba ta ke. Mu kan sayar da ɗanyen kaya, mu sayi gyararre. Fatar akuya ta bar ƙauye da kuɗi kaɗan, a jeme ta a Challawa ko Sharaɗa, ta tafi Italiya, ta zama takalmi ko jaka mai tsadar da ta fi garken awaki. Riba mai yawa tana wurin mai inji da mai jirgi da mai suna a kan kaya, ba ta wurin mai kiwo ba.

Na huɗu, wanda ke kafa doka. Mai saye shi ke faɗin irin kayan da zai karɓa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari fiye da kima a cikinsa. A nan dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Dokar tasu ce, amma hannun da ya zuba guba a buhu namu ne. Waken da Bature ya ƙi kuwa, 'ya'yanmu ne suka ci shi.

8. Kada mu manta da alheri

Mai adalci ba ya faɗin rabin magana. Hanyar da ta kawo tsada ita ce ta kawo allurar rigakafi. Tsofaffinmu sun san agana, ga zanenta a fuskokin waɗansu. A 1980 aka shaida ta ƙare a duniya duka, da haɗin kan ƙasashe. A watan Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wadda ta gurgunta yara da yawa a ƙasar Kano. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, manomi yana iya jin kuɗin riɗi a Dawanau kafin ya ɗaure buhu, ɗan da ke aiki a Ikko kuma yana iya aiko wa tsohuwarsa kuɗi a rana ɗaya. Masu bincike na Samaru da na cibiyoyin IITA da ICRISAT da ke Kano sun fid da irin wake da gyaɗa masu saurin nuna, masu jure cuta. Riɗi da zoɓorodo, waɗanda dā a gefen gona a ke shuka su, yau suna da masu saye har Japan da Meksiko. Ba mai hankalin da zai ce a rufe ƙofa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun ga yadda shinkafa ta yi tsada, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma suka sha wuya tare da mu.

9. Me za mu yi?

Ba mu da iko a kan dala, ba mu da iko a kan yaƙin Turai. Amma muna da iko a kan rumbu. Ga shawara bakwai.

(1) Abinci tukuna. Kafin a kai ko mudu ɗaya kasuwa, mai gida da uwargida su zauna su ƙidaya bakunan gida da watannin shekara. Da yawa cikinmu mu kan sayar da hatsi da kaka sa'ad da ya fi araha, mu komo mu saye shi a tsakiyar damuna sa'ad da ya fi tsada. Yusufu bai hana yunwa zuwa Masar ba, amma ta tarar da rumbuna cike.

(2) Kada a ba abu ɗaya gona duka. Idan riɗi ya yi kuɗi bana, kowa zai shuka shi baɗi, a nan da Sudan da Indiya, kuɗin kuwa ya sauka. Kakanninmu da suka haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya ba jahilai ba ne. Wanda ya fi su sani bai zo ba tukuna.

(3) A riƙe takin gida. Ƙasarmu ta cika da mutane, ba a barin gona ta huta, duk da haka ta ɗaruruwan shekaru tana ciyad da mu. Wani malami Bature, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana binciken wannan a karkarar Kano tun cikin shekarun 1960. Asirin ba ɓoyayye ba ne: kashin tumaki da awaki, toka, sharar gida, jakuna masu kawo taki daga birni, da itacen gawo a gona. Takin zamani yana da amfani, a sa shi. Amma akuya ba ta san dala ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

(4) A haɗa kai. Mai buhu ɗaya karɓar abin da aka ba shi ya ke yi. Masu buhu hamsin suna iya yin ciniki, su ɗauki mota ɗaya, su sayi taki a sari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zaɓi ma'aji mai gaskiya, a rubuta kome, a karanta lissafi a gaban kowa. Maƙwabcinmu Musulmi rana ɗaya ke dukanmu da shi, kasuwa ɗaya mu ke ci, kada a bar shi a waje.

(5) A tsabtace kaya. A busar da gyaɗa sosai, a tsince ruɓaɓɓiya. A ajiye wake a buhu mai ninki uku wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, ba da guba ba. Kada a zuba yashi a riɗi domin nauyi. Mutum ɗaya ya yi algus, sunan gari duka ya ɓaci.

(6) A ƙara wa kaya daraja a gida. Macen da ta mai da gyaɗa mai da ƙuliƙuli ta riƙe ribar da dā za ta tafi wani wuri. Maza su daina raina wannan sana'a, su taimaka da jari. A sa yara makaranta, mata da maza, gama wanda bai iya karanta sikeli ba, wani zai karanta masa.

(7) A guji bashin da a ke ci a kan amfanin da bai nuna ba. Wanda ya karɓi kuɗi da damuna domin ya biya da buhu da kaka, ya sayar da gonarsa rabin kuɗi bai sani ba.

Akwai magana ɗaya ta ƙarshe, ita ce ta fi nauyi. Muna kuka cewa manyan ƙasashe suna yanka mana kuɗi domin sun fi mu ƙarfi. To, a ƙauyenmu fa? Wanda ke da rumbu uku shi ne babbar ƙasa ga gwauruwar da ba ta da ko ɗaya. Mai gona shi ne babbar ƙasa ga ɗan ƙwadago. Idan muna da mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, ko muna ɓoye hatsi har maƙwabci ya jingina gonarsa, da wane baki za mu yi ƙarar mutanen ƙetare? Adalcin da mu ke nema a kasuwar duniya, sai mu fara yinsa a kasuwar Zakirai.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ku lissafta abubuwa goma da ke cikin gidanku. Nawa aka yi a ƙasar Kano, nawa a wani sashen Nijeriya, nawa a ƙetare?

2. Waɗanne dalilai suka sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa a kan auduga a 1912? Riɗi yana da waɗannan amfani duka?

3. Ma'aikacin Manchesta da na Kaduna duka sun rasa aiki. Ina bambancinsu?

4. A wane wata hatsin gidanku ya ƙare bara? Nawa kuka sayar da mudu da kaka, nawa kuka saye shi da damuna?

5. Gidaje nawa ne a unguwarku za su iya haɗa kai su ajiye hatsi bana, domin a ranta wa wanda nasa ya ƙare ba tare da riba ba? Wa zai riƙe mabuɗi, wa zai riƙe littafi?